Kwana ashirin ina neman inda tayar motata ke sacewa

Wata Litinin a farkon watan Disamba na fito da sassafe zan kai yara makaranta. Ina cikin goge ƙurar hunturu daga gilashi, sai babbar 'yata da ke tsaye a ɗaya ɓangaren ta ce, "Abba, zo ka ga wannan tayar, kamar ta fi sauran kwanciya." Na zagaya na duba. Tayar baya ce ta hannun dama, wadda direba zai iya yin mako guda bai ɗora ido a kanta ba, tunda ta hagu yake shiga, ta hagu yake fita. Ba ta zauna ƙasa ba, amma cikinta ya ɗan bazu fiye da na sauran ukun.

Bayan na sauke su na tsaya wurin wani mai faci a bakin titi. Yaronsa ya jawo tiyo ya buga mata iska, ya ɗan daki tayar da ƙarfe ya saurari ƙararta, ya ce, "Arba'in na sa maka, Alhaji." Na ba shi naira 200 na wuce, a zatona magana ta ƙare. Ranar Alhamis ta sake yin laushi, aka sake bugawa. Ranar Lahadi ma haka. A karo na uku maigidan da kansa ya taso, ya cire murfin bawul, ya shafa yawu a bakin, muka zuba ido, ko kumfa ɗaya ba ta taso ba. Ya bi fuskar tayar da tafin hannu iyakar inda hannunsa ya kai, bai ji ƙusa ba. Duk da haka ya kwance allurar da ke cikin bawul ɗin ya sa sabuwa, ya ce, "In ba wannan ba ce, to sanyi ne. Lokacin hunturu haka tayoyi suke yi."

Maganarsa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Iska tana tsukewa idan ta ji sanyi. Duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 5 ko 6, taya kan rasa kimanin psi 1, wato ma'aunin nan da masu faci ke ƙirgawa idan sun ce talatin ko arba'in. A Kano cikin Disamba, da rana zafi kan kai digiri 30, da asuba kuma ya sauka ƙasa da 15, don haka tayar da aka buga da azahar dole a same ta ta ragu da safe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sanyi ba ya zaɓar taya ɗaya ya ƙyale uku. Bayan kwana uku da canza allurar, tayar ta koma gidan jiya.

Da a cikin gari kawai zan ci gaba da yawo, wataƙila da na bi sahun mutane da yawa, in riƙa biyan 200 duk bayan kwana uku har tayar ta ƙare. Amma a ƙarshen watan akwai bikin ƙanwar maman yara a Azare, kuma mu shida ne za mu shiga motar, ga kayan gudummawa a but. Wanda ya saba bin hanyar Wudil zuwa Shuwarin ya san yadda ɓawon tayoyi ke yashe a gefen kwalta. Yawancin waɗannan ba ƙusa ce ta fasa su nan take ba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi yana haifar da zafi, zafin kuma yana raba roba da wayoyin da ke cikinta. A gudun cikin gari ba ta yin zafin da zai kai ga haka. A kan doguwar hanya, da kaya, da gudun kilomita 100, sai ta tarwatse ba sallama. Irin wannan ne ya sa a Amurka, bayan da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a shekarar 2000, aka kafa dokar da ta tilasta wa sababbin motoci daga 2007 su zo da fitilar da ke gargaɗi idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100. Tawa Corolla ce tsohuwar yayi da ta shigo daga Turai ta Kwatano, ba ta da wannan fitilar. Idona da gejina ne kaɗai fitilar, kuma a lokacin ko gejin ban mallaka ba.

Abu na farko da na yi ke nan: na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na sayi ɗan gejin iska mai fuska kamar agogo. Na kuma ari ɗan famfon lantarki na maƙwabcina, irin wanda ake sa wa a ramin kunna sigari na mota. Da na buɗe ƙofar direba na tsuguna, sai ga takardar da masu motar suka manna a jikin ginshiƙin ƙofa, wadda na shekara da shekaru ina wucewa ta gefenta. An rubuta 2.2, amma da ma'aunin Turai da ake kira bar. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, ke nan 2.2 ya kama 32. Ashe arba'in ɗin da ake buga mini ya wuce ƙa'ida da takwas. Masu faci da yawa suna duba lambar da ke jikin tayar ne, 44 ko 51, alhali wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke buƙata ba. Iskar da ta yi yawa tana cinye tsakiyar taya, tana sa mota tsalle a kan gargada, kuma a nawa lamarin ta riƙa ɓoye mini saurin sacewar, don daga 40 sai an daɗe kafin ido ya ga laushi.

Na samu ɗan littafi na ajiye a aljihun mota. Da safe, kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, na daidaita tayoyin huɗu a 32. Awo na gaskiya sai taya ta huce, ko dai ta kwana a tsaye ko ta yi kamar awa uku ba a tuƙa ba. Washegari uku suna nan a 32, ta bayan dama 30. Rana ta biyu 28. Rana ta uku an tashi da sanyi mai shiga ƙashi, sauran suka sauka 31, ita kuma 25. To a nan na raba aikin sanyi da aikin ciwo: sanyi ya ci ɗaya a kowace, ita kuwa ta rasa bakwai a kwana uku. Lafiyayyiyar taya marar tiyub, psi 1 ko 2 take rasawa a wata guda, ta hanyar iskar da ke ratsa robar kanta a hankali.

Littafin ya nuna mini wani abu kuma da ban fahimci ma'anarsa ba sai daga baya. Ranar Asabar da ban fita da motar ba, ɗaya kacal ta rasa. Ranar da na je wata unguwa mai hanyar burji, na sha ramuka, uku ta rasa.

Ranar Lahadi da hantsi na haɗa ruwan omo mai kauri a gorar roba, na huda murfin da ƙusa don ya riƙa feshi. Na fara da bawul, tunda shi ne mafi arha in shi ne mai laifin. Na zuba a bakinsa, babu komai. Na zuba a gindinsa, inda robar ta ratsa ramin rim, na riƙa lanƙwasa shi hagu da dama da yatsa, don tsohon bawul yakan tsage a gindi, kuma tsagar ba ta buɗewa sai an motsa shi. Nan ma shiru. Sai na koma kan fuskar tayar. Na ja layi da alli a inda na fara, na jiƙa abin da ido ke gani, na sa ƙanena ya ɗan gusa motar gaba, na jiƙa na gaba, har alli ya zagayo. A zagaye na biyu na ga wani abu yana ƙyalli tsakanin zanen tayar: kan sukuru ne, ya goge har ya yi sumul da kwalta. Zuciyata ta yi fari, na ce yau ga ɓarawon. Na tsiyaya masa ruwan omo na zauna ina jira. Minti biyar, ba kumfa. Na taɓa shi da bakin filaya na ɗan girgiza, ba kumfa. Ban cire shi ba, kuma ina ba kowa shawarar kada ya cire ƙusa a gida in ba shi da abin toshewa a hannu, don sau da yawa ƙusar ce ke riƙe da iskar. Na zagaye shi da alli. Akwai kuma wani tsohon faci na bara, irin igiyar roba mai danƙo da ake cusawa daga waje, shi ma na jiƙa shi, bai ce komai ba. Na bi bakin rim ta waje, inda ƙarfe ya haɗu da roba, duk lafiya. Abin da ya rage shi ne ɓangaren ciki, mai kallon ƙarƙashin mota, wanda sai an kwance tayar ake ganinsa.

Wani direban ma'aikatarmu, mutumin da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kano da Maiduguri kafin ya kama aikin ofis, shi ya kwatanta mini wani dattijo mai faci. Ya ce, "Ka je wurin Baba, amma kada ka je kana sauri." Ranar Asabar ta gaba na je bayan sallar azahar. Rumfa ce ta kwano a ƙarƙashin dalbejiya, ga injin iska yana ta tari, ga tsofaffin tayoyi jibge, ga rabin tankin ƙarfe da aka yanka cike da ruwa wanda ya yi baƙi.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu Malam. Me ke tafe da kai?"

Na faɗa masa. Bai taɓa tayar ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Kwana nawa take ɗauka kafin ta yi laushi? An taɓa yi mata faci? Ta fi sacewa in an yi tafiya ko in tana tsaye? Da na ɗauko littafina na karanta masa lambobin, ya gyaɗa kai ya ce, "Ka rage mini rabin aiki. Ka faɗa rami da ita kwanan nan?" Sai na tuna. A ƙarshen damina, wata rana da dare ruwa ya rufe hanya, tayar bayan nan ta faɗa wani rami har sai da yara suka yi salati. Na ce masa amma ai wannan tun watan Satumba ne, sacewar kuma sai Disamba ta fara. Ya ce, "Da zafi roba tana da laushi, tana bin ƙarfe ta rufe ɓaraka. Sanyi na zuwa sai ta sandare."

Yaronsa ya sassauta notuna tun motar tana ƙasa, ya sa dutse a gaban tayar gaba, sannan ya ɗaga da jak. Baba ya fara da sukurun da na yi wa alli. Ya kama shi da filaya ya murɗo shi, sai ga ɗan guntu da bai kai tsawon farce ba, ya karye tun kafin ya ratsa kaurin zanen. Ya zuba ruwa a ramin, ko motsi. Ya miƙo mini shi a tafin hannu ya ce, "Wannan baƙo ne kawai, ba shi ya ci amanar ba."

Ya ƙara wa tayar iska zuwa 40 don ɓarakar ta fi buɗewa, suka ɗaga ta su biyu suka tsoma ƙasanta a cikin tankin. Nan take ƙananan kumfa suka lulluɓe ta ko'ina, na ce ga shi nan. Ya ce in dakata, waɗannan iskar da ta maƙale a zanen taya ce. Ya sa hannu ya share su, ya jira ruwan ya kwanta, sannan ya juya ta kamar taki ɗaya, ya sake sharewa, ya sake jira. Kumfar ciwo, in ji shi, daga wuri ɗaya take fitowa, ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka share ta sai ta dawo. Haka ya yi har ta zagayo, ya kai kusan minti goma sha biyar. Ba mu ga komai ba. Ruwan ya yi duhu, kuma sacewar da ke cin psi 2 a yini ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kumfarta tana iya maƙalewa a ƙarƙashin leɓen rim ba ta taso ba.

Na fara karaya, har na ce ko dai in sayi wata tayar in huta. Baba bai amsa ba. Ya fitar da ita ya kwantar a ƙasa, ɓangaren ciki yana kallon sama. Ya dama sabulu a gwangwani, ya tsiyaya shi a hankali a cikin ɗan kwarin da ke tsakanin leɓen rim da roba, har ruwan ya zagaye kamar zobe ya tsaya. Ya ce, "Zauna, Malam." Na zauna a benci. Ya koma yana yi wa wani mai babur faci kamar ya manta da ni.

Bayan kamar minti bakwai ya kira ni da hannu. A wuri ɗaya, tsawon ɗan yatsa, wani farin abu ya taru a bakin rim. Ba irin manyan ƙwayayen kumfar da nake tsammani ba ne, laushi gare ta kamar kumfar da ke saman sabon nonon da aka tatsa, sai ka ƙura ido sosai kake ganin tana ƙaruwa. Ya share da yatsa, muka jira, ta dawo a wurin. Sai ya ɗora dugadugansa a gefen tayar kusa da wurin ya danna da nauyinsa, kumfar ta tohu nan take har da ɗan sauti. A nan na gane abin da littafina ke faɗa mini: duk lokacin da tayar ta daki gargada, gefenta yana motsawa, ɓarakar ta buɗe, iska ta fita. In tana tsaye kuwa sai ta ɗan rufe. Can gaba kaɗan, daidai inda aka maƙala ɗan dalmar da ke daidaita juyin taya, wata ƙaramar kumfar ta biyu ta fito. Ya yi wa wuraren biyu alama a jikin rim da kuma jikin roba.

Kafin su raba tayar da rim na roƙe shi a yi a hankali, don rim ɗin na alminiyam ne, kuma na sha ganin yadda ake dukan irinsa da guduma har a yi masa sabon rauni. Ya shimfiɗa tsohuwar roba a ƙasa, ya cire allurar bawul iska ta fice, ya danne gefen tayar da dogon ƙarfensa mai mariƙi har ta saki, sannan ya shafa sabulu ya zare ta. Da ya juyo da rim ɗin ga haske, ciwon ya bayyana. Inda robar ke zama, wanda ya kamata ya kasance sumul, fentin ya kumbura ya ɓare, ƙarƙashinsa wani farin gari kamar toka, ƙarfen kuma ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, tasa tsatsar fara ce. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara sun fi fama da ita, saboda gishirin da ake watsawa a titunansu lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Gishirin yana shiga duk inda fenti ya sami ƙwarzane, kamar wurin da dalmar nan ta cije, ya yi ta ci shekara da shekaru. A kan wannan kuma ga jan yashinmu da ya samu hanya ya shige ya zauna.

Baba ya sa rim ɗin a kan wani ƙarfe ya juya shi, ya riƙe alli kusa da leɓen. A daidai wurin kumfa ta farko leɓen ya ɗan kauce wa allin, kaɗan ƙwarai, aikin ramin nan na damina. Leɓen ciki ne ya fi saurin lanƙwasa domin ƙafafun rim suna ta waje, na cikin ba shi da abin da ya tokare shi. Ya wanke wurin ya duba da kyau ko akwai tsaga, babu. Na tambaye shi ko zai buga ya miƙe. Ya ce, "Da na baƙin ƙarfe ne da na buga. Wannan in ka dake shi da sanyinsa tsagewa yake, kuma in ya tsage sai dai a jefar. Lanƙwasar ba ta kai ta hana roba zama ba, in an kankare dattin."

Yaronsa ya sa baki ya ce, "Baba, a sa mata tiyub mana, a huta." Wannan ita ce shawarar da aka fi bai wa masu irin matsalata, kuma gaskiya tana tsayar da sacewar a ranar. Amma ban yarda da ita ba, na kuma ji daɗi da Baba ya girgiza kai tun kafin in yi magana. Cikin taya marar tiyub ba sumul yake ba, yana da layi-layi da ke gurzar tiyub har ya yi zafi ya huje. Sannan babbar fa'idar irin wannan tayar ita ce idan ƙusa ta shige ta, robar tana kama ƙusar, iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan har ka isa wurin gyara. Da tiyub a ciki, ƙusa na taɓa shi iskar za ta fice gaba ɗaya ta ramin bawul, kana cikin gudu.

Tunda tayar tana buɗe, ya leƙa cikinta, ya shafa da hannu. Ya ce abin da yake nema baƙin garin roba ne, ko wani zobe mai duhu da ya zagaye gefen. In aka ga haka, an yi tafiya da ita ba iska har ta ci kanta, kuma babu facin da zai cece ta. Tawa Allah ya kiyaye, cikinta fes. Ya nuna mini wutsiyar tsohon facin bara da ta leƙo ciki, ya yanke ta, ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya manna faci ta ciki ya murje shi. Igiyar da ake cusawa daga waje ta fitar da mutum daga daji ce kawai, cikakken gyara sai an buɗe an rufe ta ciki. Shi ma yana da iyaka: hujin da ya wuce faɗin milimita 6, ko wanda ke kafaɗar taya ko gefenta, ba a yi masa faci.

Ya kuma nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefen tayar: 1421. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an yi ta a mako na 14 na 2021. Su ne lambobin da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke tsugunawa su duba a hanya. Manyan kamfanonin taya suna cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a sauke ta ko da zanenta bai cinye ba. Wannan ya sa na buɗe but na ciro safaya. Geji ya nuna 14, lambarta kuma ta ƙare da 13, gefenta duk ƙananan tsagu. Da tayar bayan ta fashe mini a hanyar Azare, wannan ce zan ɗaura in ɗora iyalina a kai. Kafin tafiyar na canza ta.

Gyaran kansa bai kai neman ciwon daɗewa ba. Ya goge farin garin da burushin waya, ya bi da samfefa mai laushi, ba wuraren alamar kaɗai ba, duk zagayen leɓe biyun, har yatsa ya riƙa wucewa ba ya jin kaushi. Ya goge bakin robar ita ma da tsumma. Ya shafa wani baƙin gam mai kauri da ake yi musamman don bakin rim, siriri, bai cika ba. Na ce a sa sabon bawul gaba ɗaya tunda an riga an buɗe, don kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma sake buɗewa saboda shi wata wahala ce. Aka mayar da tayar, aka buga iska, ta yi ƙara tau, sannan tau, alamar gefe biyun sun hau mazauninsu. Ya sake kwantar da ita ya zuba ruwan sabulu, muka ba ta minti goma, ya taka da dugadugi, ya juya ɗaya gefen ya maimaita. Ruwan ya tsaya cik.

Da aka zo ɗaurawa na lura bai bar yaron ya hau sufana da ƙafa yana tsalle ba. Ya sa notunan da hannu tukuna, ya ɗaure su a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, aka sauke jak ya ƙarasa. Ya rage iskar zuwa 32 da gejina, ya gwada da nasa, suka yi daidai. Ya ce in wuce wurin masu inji a daidaita juyinta tunda an cire dalmar, kuma in ce su sa irin wadda ake mannawa ta ciki, kada a sake cije leɓen. Na biya shi abin da ya faɗa ba tare da ciniki ba, na ƙara wa yaron na shayi.

"Allah ya saka da alheri, Baba."

"Amin, Malam. Ka ci gaba da rubutun nan naka mako guda. In ta motsa ka dawo, ba sai ka sake biya ba."

Na ci gaba. Lahadi 32, Litinin 32, Talata da aka yi hazo dukkan huɗun suka nuna 31, Laraba suka koma. Na bi hanyar burjin nan da gangan, washegari 32. Ranar tafiya da asuba na ƙara wa na baya zuwa 35, kamar yadda takardar ƙofa ta nuna idan mota ta cika da mutane da kaya. Mun tsaya a Shuwarin yara su sha ruwa, na ɗauko geji na zagaya: na baya biyun sun hau 38, dama da hagu daidai wa daida. Zafin tafiya ne, kuma ba a rage iskar taya mai zafi, don in ta huce za ta koma inda take.

Washegari da safe a Azare, kafin a fara hidimar ɗaurin aure, na fito ƙofar gida na tsuguna a gefen tayar bayan dama. 35. Yayan maman yara, wanda ya taso daga Bauchi da tasa motar cike da mutane, ya tsaya yana kallona, sannan ya ce in ara masa abin. Muka bi tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Uku sun haura 40, ta gaban hagu 23. Ya ce ai mako biyu ke nan yana buga mata iska. Na aiki yaro cikin gida ya samo mana omo da gorar ruwa.